Hannun Yaron da Na Ba Mutari

Tun da na dawo daga Faransa ba ni da sakat a fada, majalisarmu ta hira. Kowa ya zauna sai ya ce, "Malam Idi, yaya ƙasar take?" In na ce sanyi, a ce an san da sanyi, a ba da labari. Na gaji da bayar da shi guntu-guntu ana ƙara masa gishiri, har na ji wai na hau dogon ƙarfen nan na Paris na yi kiran salla. Ban hau ba, ko gindinsa ban je ba. Ga yadda aka yi, kuma zan faɗa har da inda ban fito da kyau ba.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ina da ɗa a can, ɗan fari, Nasiru. Na rubuta sunan sau ɗaya don ku gane, daga nan yaron zan riƙa cewa, bakina bai saba ba. Yana ɗan shekara takwas uwarsa ta rasu. Ƙanena Mutari, wanda ya yi karatu a Lyon ya samu aiki a can, Allah bai ba shi haihuwa ba, sai mahaifiyarmu ta ce a ba shi yaron. Na ba shi. Kun san yadda muke: wanda ya ba ɗan'uwansa riƙo ba ya bin sawu, ba ya tambaya, ba ya cewa "ɗana". Shekara tara na riƙe wannan, har ana yaba mini.

Rannan Mutari ya kira ya ce wata makaranta a Kanada tana son yaron saboda wani wasa da ake kira ƙwallon Amurka. Bai cika sha takwas ba, don haka takardar tafiyar sai da hannun uban da ya haife shi. Ya ce in je wurin notar, mai tabbatar da takardu, nan Damagaram in sa hannu a aika. Na ce ni magini ne, ban taɓa yabon gini ban zagaya shi ba. Sai na ga wasan da idona, in yaron gwani ne in sa, in ba haka ba ya zauna ya yi karatunsa. Haka na faɗa masa. Abin da ban faɗa ba shi ne, shekara tara ba a nemi ra'ayina a kan komai ba, yau an zo nema, ba zan bayar da shi ta waya ba.

Wahalar biza ba zan gajiyar da ku da ita ba, watanni ta ci. Kar ɗin Yamai kuwa, babbar motar fasinjan nan, kun san shi, na zauna kusa da wani mai kai busasshen barkono, na yini ina atishawa. Jirgi ya tsaya da mu a wata ƙasa muka sake wani, da hantsi muka sauka Paris. A nan ɗan sandan da ke duba fasfo ya ce in ɗora yatsu kan wani gilashi. Na'ura ta ƙi. Laka da siminti sun daɗe da cinye zanen yatsuna. Ya nuna mini in goga su a goshi in sake, na yi, ta ƙi. Sau biyar, layi ya taru a bayana. Can ya tambayi sana'ata, na ce masa mason, wato magini. Ya juya tafin hannuna ya duba kamar mai sayen akuya, ya kira wani suka yi magana, sannan ya buga hatimi.

Wanda ya tarbe ni Alhaji Sabi'u ne, mutumin Kano, aminin Mutari. Yana da shagon wayoyi a Barbès, kuma yana aika kayan mota gida. Unguwar nan in ka rufe ido ka rantse kasuwar Dole ta Damagaram kake, sai dai jirgin ƙasa na wucewa a bisa kanka. Ya sauke ni a wani ɗaki kan shagon, in ka miƙe ƙafa sai ka taɓa ƙofa. Halin magini, na ƙwanƙwasa bango na ji fanko ne, allo aka shafe da fenti. Maƙwabci in ya yi tari kai za ka ce masa sannu. Burodinsu kuma dogo ne kamar sanda, ya ɗaye mini dasashi tun karyawar farko, sai da na koyi tsoma shi a shayi. Da rana muka ci shinkafa da kifi wurin wata 'yar Senegal, ita ce ta fara gaishe ni gaisuwar kirki a ƙasar. A metiro, jirgin ƙasan cikin gari, na yi sallama, mutum arba'in ba wanda ya ɗaga kai.

A shagon Alhaji na fara ganin wasan, a waya. Ya yi mini bayani: goma sha ɗaya nan, goma sha ɗaya can. Ana miƙa wa mutum ɗaya ƙwallo, shi kuma ya jefa wa ɗan'uwansa da ke gudu kafin ƙattin ɗaya ɓangaren su danne shi. Mai jifan nan shi ne kwatabak, shi ne kan tawaga, kuma shi ne yaron. Na ga an jefa abu ya tafi, ya tafi, har na ɗauka ya fita daga wayar.

"Ka gani ko?" in ji Alhaji. "Ni ba ruwana da dogon turanci. Mai jifa, nisan jifansa ake dubawa. Sauran duk koci zai koya masa, amma hannu irin wannan ba a sayen shi."

Na ce masa bidiyon nan ai waɗanda suka yi kyau aka tsince aka jera, kamar mai sayar da gida ya nuna maka zaure ya hana ka leƙa bayan gida. Ina waɗanda suka faɗi ƙasa? Ya yi dariya ya ce lallai Damagarawa ba a burge ku. Muna cikin haka wani abokin cinikinsa ya shigo, Alhaji ya tura masa wayar a fuska ya ce, "Zo ka ga ɗan aminina, ɗan Mutari na Lyon." Ina tsaye a wurin. Alhaji ya san ni na haife shi, kuma bai yi laifi ba, yadda ya kamata a faɗa ya faɗa. Mutumin ya ce Allah ya yi wa Mutari baiwa, na ce amin.

Kwana biyu na yi na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Awa biyu ne, abin da a gida da ƙyar ka kai Tasawa. Ashe kowace kujera da lambarta, kowane tarago da tasa. Na ga wuri mai kyau kusa da taga na zauna, sai ga wata tsohuwa ta tsaya a kaina da tikiti, kallona kawai take. Da na gane na miƙe ina ba da haƙuri, ita kuma ta ja ni har taragon da ke nawa, ta koma, can ta dawo ta miƙo mini wani cuku a takarda. Warinsa ya isa ya kori ɓarawo. Na gode mata, na sa a aljihu, manto ɗina, rigar sanyin, bai daina warin ba har na dawo gida.

A gar, tashar jirgin Lyon, na hango Mutari, ya yi furfura, yana ɗaga hannu. Kusa da shi wani dogon saurayi mai faɗin kafaɗa, na ɗauka abokin aikinsa ne. Saurayin ya miƙo mini hannu, Mutari ya harare shi, sai ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Baba Idi." Ashe yaron ne, Hausar ta yi nauyi a bakinsa. Ya ɗauki baliz ɗina, akwatin kayana, da yatsa biyu ya juya ya ce wa Mutari, "Papa," ya ci gaba da Faransanci. Baba Idi, yadda 'ya'yan maƙwabta ke kirana. Na kawo masa kaftani da na sa aka ɗinka da ƙiyasi, na ma ce tela ya ƙara don yara na girma. Da ya gwada a gida hannun rigar a gwiwar hannunsa ya tsaya. Ya yi godiya, Hajiya Rabi matar Mutari ta ninke ta ajiye.

Gidansu a Vaulx-en-Velin yake, hawa na tara, sai an shiga asansar, na'urar hawa bene. Mutari yana aiki a wata izin, masana'antar sinadarai, a Saint-Fons, wani mako da safe wani mako da yamma, kuma in ya dawo kayansa na wani wari kamar na maganin ƙwari. Hajiya ta yi mini tuwon semul miyar kuka, na ji kamar ina gida. Yaron kuwa nasa daban, kaza da taliya, sai an ɗora a ma'auni. A tebur ɗaya ake ci, ɗa da uba, ana hira ana musu ana haɗa ido. Ni ban taɓa cin abinci gaban mahaifinmu ba. Na so in ce rashin kunya ne, amma abin da ya fi ci mini rai daban ne. Mutari ya san gwiwar da ke damun yaron, ya san abincin da ba ya so, in yaron ya yi wani irin shiru ya san ma'anarsa. Ni baƙo ne da ake miƙa wa nama mai kyau.

Bayan cin abinci Mutari ya ɗauko wani littafi. Tun yaron na ɗan sha biyu yake rubuta kowane jifa na kowane wasa: wanda aka cafe, wanda ya faɗi, wanda abokan gaba suka tare. Ya ce maganar Alhaji Sabi'u ta 'yan kallo ce, akwai masu hannun ƙarfe da yawa da suka ƙare suna tuƙin kar. Lissafi ne ba ya ƙarya, cikin jifa goma nawa suka isa. Na ce in mai cafewa ne hannunsa ba kyau fa, laifin wa? Ya buɗe shafi ya nuna mini, wannan ma da layinsa. Na ce in iska ce? Da layinsa. Duk abin da na kawo da layinsa. Ƙanena ne, ni na koya masa hawan keke, yanzu yana yi mini bayani a hankali kamar mai koya wa tsoho danna waya.

Ran Lahadi da azahar aka yi wasan. Fili ne na unguwa, 'yan kallo ba su kai na kokowar ƙauye ba, iyaye na sayar da kafe a gefe, iska kuwa kamar ana yanka kunne. Yaran suka fito da hulunan kwano da kafaɗun roba, duk sun zama iri ɗaya. Na duba, na duba, sai da na tambayi Hajiya wanne ne. Ta faɗa mini lambar rigarsa. Wasan kuma ba ya tafiya, a yi gudu kaɗan, a tsibu a kan mutum ɗaya, a busa, a taru a yi shawara, a sake.

Da na ƙura wa ƙwallon ido sai na ga ai na san wannan abu. Tubali ne. Lokacin da ake gina gidajen Birni, tsohuwar unguwarmu, da ƙasa, shekaru na yi a kan katanga, lebura na ƙasa yana jefo mini tubali ina cafewa ina jerawa. Mu a sama mu muka san mai jifa, ba masu kallo ba. Gwani yana duban hannunka, ya aiko shi ya iso daidai inda ƙarfinsa ya ƙare, ka ɗauke shi kamar an ajiye maka a iska. Mai son a ga ƙarfinsa kuwa kafin la'asar ya fasa maka yatsu. Da na tuna haka sai na bar kallon yaron na koma kallon masu cafewa. Jifansa na zuwa kamar dutse. Biyu suka suɓuce, wani yaro ma na ga yana yarfe hannu. Na ji daɗi. Allah ya yafe mini, ɗana ake sakin jifansa ni kuma ina jin daɗi, don na samu abin da ba ya cikin littafin Mutari.

Su yaron ne suka ci wasan. Mutari, mutum da furfurarsa, ya ruga cikin fili ya rungume yaron yana ihu da Faransanci wai ɗansa ne, ɗansa ne. Ni ina gefe hannuwa a aljihu kamar yadda uba ya kamata ya tsaya. Kocin ya zo, wani gajeren Bature mai farin gemu da ya daɗe a Kanada, shi ne ma ya haɗa maganar makarantar. Mutari ya ce masa ga wansa daga Nijar. Wansa kawai. Aka shiga hira, kocin ya ce shi ba nisa yake dubawa ba, ba kuma lissafi ba. Yana duban idon yaro kafin ya jefa, da abin da yake yi bayan an buga shi da ƙasa. A nan ne, in ji shi, wannan ya fi duk wanda ya taɓa koyarwa. Sai ya juyo cikin raha ya tambayi yadda ni na gani.

Na ce wa Mutari, "Faɗa masa yaron nan don a ga ƙarfinsa yake jifa. Ba ya duban hannun wanda zai karɓa. Ni a wurin aikina ko lebura ba zan ɗauke shi ba."

Mutari ya juya maganar ya ce wai na ce hannun akwai ƙarfi. Faransancina na wurin gini ne, amma ya isa in gane an yi mini kwaskwarima. Na maimaita da kaina, a karye, da ƙarfi. Kocin ya ɗaga gira. Yaron na tsaye da hular kwanonsa a hannu, ya ji ta Hausa, ya ji ta Faransanci.

Muka koma gida. Bayan magariba Mutari ya same ni a ɗaki ya rufe ƙofa. "Yaya," ya ce, "in ni kake jin haushi, ni za ka faɗa wa. Mi yaron ya yi maka?" Na ce ba na jin haushin kowa, abin da na gani na faɗa, kuma hannu ba zan sa ba. Ya ce to, ya fita. Kishi ne, yanzu na iya faɗa. A lokacin kuwa na yarda da maganata ƙwarai, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan in na tuna.

Kwana biyu yaron na gaishe ni ya wuce. Ran Laraba da rana ba a zuwa lekol, Mutari na izin, sai yaron ya ƙwanƙwasa ƙofa da ƙwallo a hammata. Ya ce in ba damuwa in sauko ƙasa. Muka je wurin ajiye motoci, ya tsayar da ni kusa da wata bishiya, ya ja baya kamar taku ashirin. Na gyara tsayuwa, na ce a raina yau za a rama a kan yatsuna.

Ya jefo. Abin ya zo yana juyawa, ya sauka a hannuna na hagu kamar an miƙo mini. Na mayar masa, nawa ya tafi yana tangaɗi. Ya sake, nan dai, gefen hagu, ba nauyi. Na uku ma haka. Raina ya ɓaci na ce ya bar yi mini jifan baƙo, ya jefo irin na ran Lahadi.

Ya matso. Yana neman kalmomi ɗaya-ɗaya ya ce, "Yatsanka na dama, na tsakiya, ba ya lanƙwasa. Na gani ranar da ka zo, wurin riƙe kofi. In na jefa can zai yi maka ciwo."

Yatsan nan bulo ne ya faɗa masa shekara biyar da suka wuce, ko a gida ba kowa ya lura ba. Na tambaye shi to na ran Lahadi fa. Ya ce iska ce, kuma akwai mai tsaro a bayan abokinsa, in ya sassauta za a tare, ko a buge yaron yana sama. Gara yatsa ya yi zafi da haƙarƙari ya karye, kuma sun yi wannan maganar da su tun kafin a fara. Wanda na ga yana yarfe hannu shi ne ma ya ce a ƙara ƙarfi.

Na tsaya da ƙwallon a hannu. Ma'aunin da na kawo da kaina, da shi aka kayar da ni. Amma sai wani abu ya taso mini mai daɗi, na ce a raina ai wannan idon nawa ne, jini ne, daga kan katangar Birni ya biyo shi har nan. Na tambaye shi, ina sassauta murya, wa ya koya masa duban hannun mutum haka.

"Papa ne," ya ce. Ya nuna inda nake tsaye. "Nan yake tsayawa. Kullum in ya taso daga aiki, ko ya gaji. Bai iya cafewa ba sam, sau biyu na fasa masa tabarau. Dole na koyi jefa masa yadda zai iya."

Ya faɗa yana murmushi, ba da niyyar komai ba. Na ce masa sanyi ya yi yawa mu hau.

Washegari muka je ofishin da ake sa hannun, ni da Mutari. Matar ta nuna mini layin uba, na rubuta sunana a hankali. A hanyar dawowa na ce masa, "Ka yi ƙoƙari da yaron nan." Ya ce, "Yaya, ai naka ne." Na ce a'a. Ya kunna rediyo.

Masu tambaya ko yaron gwani ne, gwani ne, na gwada da hannuna. Watan takwas zai tafi. Mutari ya riga ya nemi hutu a izin, shi zai raka shi har can ya ga ɗakin da zai riƙa kwana. Ni an ce za a turo mini hoto.